Shitu da Hanya Mai Doro

Jama'a a gyara zama, masu hula a gyara kari! Ga Shitu na Bukkuyum, likitan rediyo, mai sa Kaduna magana ko tana fushi, sarkin da bai taɓa taka ƙasa da tafin ƙafa ba! Wannan na ƙarshen fa ba kirari ba ne. Inna ce ta shanye masa ƙafafu tun yana goye, ba Innar da ta haife shi ba, waccan ta iska.

Da takalman katako a hannu ya girma, yana rarrafe. Da ya iya gyaran rediyo, duk ran kasuwar Gummi sai yaran mota su kama shi, wani a hammata wani a ƙugu, su jefa bisa buhunan gero. "A tura gurgun can ciki!" Shekara tara yana jin wannan. Ba abin da ya tsana a duniya kamar hannun wani a hammatarsa.

Sai ya sayar da gonar gado ya sayi tsohon babur, ya kai wa mai walda a Gusau. Aka cire ƙafar baya aka sa biyu, aka ɗora akwatin kayan aiki. Giya da burki da abin tayarwa duk aka yi musu sanduna zuwa inda hannu zai kai. Finciko ɗaya yake yi wa sandar tayarwa da hannun dama, inji ya kama.

Ran da ya shigo gari da shi na tare gabansa. "Kawu Shitu, mu ƙafa biyu, kai uku? Ai an yi mana rashin adalci!"

Ya ce, "Kauce, ɗan nema, kar in taka ka ka koma guda."

Tsohuwar hanyar Gummi yashi ce da ramuka, amma a kwance take, kuma ya san halinta. Ya taɓa ɗora ni bisa akwatin yana yi mini karatu cikin ƙarar inji: "Mai ƙahwa biyu shi ka kwantawa a kwana. Wanga bai kwanciya, kai ka kwanta mai. In ka ishe rami, zaɓi ƙahwad da za ka ba shi, ukun ba su tsira duka." Shekara huɗu yana zuwa yana dawowa, ba wanda ya sa masa hannu.

Sai wani ɗan kwangila ya iso da gireda. Ya tara ƙasa a tsakiya har hanya ta yi doro kamar bayan jaki, ya zuba tsakuwa, ya haƙa lambatu hagu da dama don ruwa ya zurare. Aka yi kiɗa, aka yanka sa, ni ma na ci naman. Masu keke da babur sai murna, don mai ƙafa biyu ko a gefen tudu a miƙe yake tafiya. Mai uku kuwa, yadda ƙasa ta karkata haka yake karkata. Tsakiyar doron kaɗai ke ɗaukar Shitu, tsakiyar kuma ta manyan motoci ce.

Hayatu mai shayi ya ce masa ya yi haƙuri ya koma shiga mota.

"Su ɗauke ni awa buhu? Allah shi kiyaye."

Kasuwa uku ya yi yana wasan ɓuya da direbobi. A ta huɗu tifa ta taso masa a kwana tana ham. Ya sauka gefe, tsakuwa ta zame, ƙafar sama ta ɗaga. Ya jefa jikinsa a kanta, nauyinsa bai isa ba. Babur ya kife cikin lambatu, shi kuma ya tare da hannun dama.

Waɗanda suka tsamo shi mutanen kirki ne. A hammata suka kama shi, suka ɗora bayan tifar bisa tsakuwa, har ƙofar maɗori. Direban ya yi ta rantsuwa bai zaci mai hankali zai hau irin wannan abu a kan sabuwar hanya ba.

Ɗori ya kama, amma a karkace. Yana iya riƙe ƙarfen dalma in ya bi a hankali, sandar tayarwa ce ta fi ƙarfinsa. Inuwar da yake zama a Gummi wani Yusufu ya gaje ta. Yanzu iyakar tafiyarsa daga zaure zuwa kasuwar Bukkuyum ta lungu, ita ma sai ya hau ya zauna ya jira mai wucewa ya tayar masa. Yawanci ni ne, don duk unguwar ni kaɗai ne ba inda ake jirana.

Jiya na ishe shi bisa babur ɗin, rana ta ɗaga, hannun na bisa cinya. Abin ya ci ni. Na ce, "Kawu, wallahi takarda zan rubuta Sakkwato, Turanci zalla! Sai ɗan kwangilar nan ya dawo da giredarsa ya aske doron nan, ya durƙusa gabanka!"

Bai ko dube ni ba.

"Turancin da yak koro ka daga aji biyu? Ja min sandag ga, kasuwa ta cika."