Kabarin Babana da Dalar Fir'auna

Mai shagon ɗinkin da na yi wa aiki a unguwar Hindawiyya ta Jidda ɗan Masar ne, ya rataya hoton dalar Fir'auna a bango. Kullum sai ya cika mini baki, wai tsininta ne ke nuna wa ran sarki hanyar sama, har jirgin ruwa aka binne masa. Da ya ji an binne babana a Jidda, ba suna, sai dutse ɗaya, ya ce, "Miskin."

Na ajiye almakashi na ce, "Ya mu'allim, sarakunanku an tono su, suna cikin gilashi kowa na leƙe. Babana ko iƙama, takardar izinin zama, ba shi da ita, amma ba ɗan'adam ɗin da ya isa ya tashe shi."