Kunnen Filibus a Jikin Dutse

Shekara ashirin da biyu Baba Filibus ya yi yana fasa dutse a Mpape. Shi ke huda dutsen, ya ɗura nakiya, ya busa usur kowa ya watse. Aikin ya cinye masa kunnen hagu. Tun da aka binne matarsa Rifkatu kuwa, coci ma zuwa kawai yake yi.

Ranar Laraba, a wurin nazarin Littafi Mai Tsarki, mai bishara ya karanta inda aka ce duwatsu na rera waƙa, koguna na tafa hannu, domin Ubangiji ne Sarki. Mata suka rangaɗa guɗa.

"Baba, kai da ka san dutse, me za ka ce?" in ji mai bishara.

"Ban taɓa saurarawa ba," ya amsa.

Washegari da ya gama ɗura nakiya, sai ya manna kunnensa mai lafiya a jikin dutsen, ya daɗe a haka. Bai ji komai ba. Ogan aikin ya daka masa tsawa, tifofin kwasar dutse na jira.

"In ma kana rerawa, ka yi haƙuri," Filibus ya ce wa dutsen. Ya busa usur.