Baba Sannu da Cok Mai Haƙora Uku

Kowace safiya, kafin ya sha shayi, Baba Sannu yakan buɗe ɗakin da ke bayan gidansa, ya yaye tsohon zanen gado daga kan injinsa na sassaƙa ƙarfe, ya ɗiga masa mai, sannan ya tsaya yana tunanin abin da ya kawo shi. A da babu wannan tsayuwar. Bana ta fara.

Mun sa masa Sannu don bai taɓa gama aiki ranar da ya ce ba. Amma a tambayi mai niƙa na bakin titi wanda ya sassaƙa masa sandar injinsa da ta karye. A tambayi matar da ke tura mijinta a keken guragu wanda ya gyara mata keken. Na karanta tarihin manyan mutane da yawa, kaɗan ne suka bar abin da har yanzu yake juyawa.

Kwanan baya cok ɗinsa ya cinye, wato kan injin mai haƙora uku da ke damƙe ƙarfe. Ya sayo sabo, mafi araha a kasuwa, ya fitar da shi daga kwali, ya wargaza shi a kan tebur. A haka 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta same shi. Da kwaɗo ta zo a jakarta, don ta ji labarin ya bar injin a kunne ya tafi aski. Ni ta kira shaida.

"Malam, kai ne maƙwabcinsa. Mai hankali zai sayi sabon abu ya farfasa?"

"Sabo a kwali, Uwata," in ji Baba. "Sa yatsa nan."

Ta sa, ya fito baƙi ƙirin da yashi da ɓarɓashin ƙarfe.

"Masu yin sa sauri suke. Ni kuwa ina zan je?"

Ya wanke murɗaɗɗen faifan ciki da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ya bi kaifin gefuna da magagari, ya shafa giris kaɗan. Na fara murna. Sai ya kira ni da sunan ƙanensa, wanda ya daɗe a ƙasa.

Da ya fita wanke hannu, 'yar ta ga haƙoran nan uku da dabbaren alli a jiki, ta tsoma su a kananzir ta goge tas. Ashe allin nan shi ne lambarsu. Kowane haƙori da raminsa, kuma bi da bi suke shiga. Baba ya dawo ya haɗa, ya murɗa makullin cok ɗin. Biyu suka haɗu, ɗaya ya tsaya can baya kamar baƙo. Ya kwance, ya sake. Haka dai. Ya duba tafin hannunsa.

"Na sa musu alama," ya ce a hankali. "Ko ban sa ba?"

'Yar ta dubi kwaɗon da ke jakarta. Da ta ɓoye gaskiya, da ta rufe ɗakin nan ba tare da gardama ba.

"Ka sa, Baba. Ni na goge."

"Gwanar tsafta. Uwarki sak."

Ya rufe ido, ya bi bayan kowane haƙori da babban yatsa, ya jera su. Ya murɗa, suka haɗu a tsakiya cif. Ya ɗaura sandar ƙarfe ya kunna, ko rawa ba ta yi ba.

Sai ta dube ni, wai in yanke hukunci. Me zan ce? Hannun ya sani, mai hannun kuma wani lokaci bai san ranar da ake ciki ba. Ƙarshe dai ba ta rufe ƙofar ba. Akwatin wuta ta sa wa kwaɗo, ta danƙa mini makullin. Ba kunna inji sai ina zaune. Har yau ban gane ba, nasara muka yi masa ko ɗauri.

Kai ne mai buɗe abin da kowa ya ce lafiyarsa ƙalau, Baba, gagara tsatsa. Kai ne ka nuna mana cewa abu mai araha ma yana da haƙƙin a wanke cikinsa. Mun gode. Masu sana'a su yi koyi da kai, sauranmu kuma mu je mu zauna da irinka tun suna gane mu.

Jiya da na kashe masa wuta zan fita, ya ce, "Ka gaida uwargida." Shi ya riƙe ni a bakin kabarinta. Na ce masa za ta ji.