Ranar Da Mati Wanzami Ya Buɗe Tasha

Mati wanzami ba ya duban mutum a ido, a kunci yake dubansa. Shekara arba'in yana yawo da zabirarsa a ƙauyukan Danja, kuma har yau in baƙo ya zauna aski sai ya karkata masa kai, ya bi tsagar fuskarsa da ɗan yatsa, ya gaya masa garin kakansa tun kafin a jiƙa gashi. Mutane na cewa bin diddigi ya yi masa yawa. Shi kuwa cewa yake yi bai taɓa aske kan da ya tsiro a nan ba, kowa daga wani wuri aka kawo shi.

Wannan hali bai taɓa tsinana masa komai ba sai a kakar zaɓen da Alhaji Mahadi ya fito neman kansila. Alhaji ya rasa abin da zai sayar wa jama'a, sai ya kama 'yan ci-rani masu tsallako iyaka su zo tsinkar tumatir. Ya ce sun cinye aikin matasa, in ya ci zaɓe kowane baƙo zai kama hanyar garinsu. Tun ba a je ko'ina ba masu gidajen haya suka fara sallamar mutane.

To, Isah, mijin Raudatu, 'yar Mati ɗaya tilo, daga Tasawa, can tsallaken iyaka, ya zo shekara takwas da suka wuce. Ya ce ba zai tsaya a wulaƙanta shi ba, Raudatu kuwa ta fara ɗaure kwanoni. Suna da jaririya, Ummukulsum, wadda Mati ya yi wa askin suna da hannunsa. Tsohon ya ji tsoro ƙwarai, don ya san in suka tafi ba lalle ya sake ganin yarinyar ba.

Mati ba ya iya faɗa, sai dai tsokana. Ya ari amalanken shanu huɗu, ya sa Malam Luke na firamare ya rubuta masa kwalaye: Gobir, Borno, Zazzau, Kano. Ranar taron Alhaji, da la'asar, ya jera su a bakin filin ƙwallo, ya hau kira kamar ɗan kamasho. Ya ce tunda za a mai da kowa gida, shi ya ɗauki nauyin mota, kuma tikiti na nan a fuskar kowa.

Da farko dariya aka yi. Sai ya fara nuna mutane. Ladan mai dogayen tsagar Barebari, ga motar Borno. Mai nama, motar Kano na jiransa. Waɗanda ba su da tsaga suka ɗauka sun tsira, ya tuna musu ta ubanninsu. Abin mamaki, maimakon a fusata, sai mutane suka yi ta matsowa suna miƙa kunci, kowa na son jin inda aka samo shi. Kanawa da Zage-zagi suka hau tsokanar juna daga kan amalanke. Kafin Alhaji ya gama gaisuwa a lasifika, rabin taronsa na wajen amalanken shanu.

Ana cikin haka Gwaggo Kulu, mahaifiyar Alhaji Mahadi, ta dogaro sanda da ɗan ƙunshinta a ka. Tsagar Gobirawa ce a fuskarta, daga gefen baki har kunne. Ta sa aka ɗora ta a motar Gobir, ta gyara zama, ta dubi ɗanta.

"Mahadi, gama jawabin ka zo, na kama maka wuri."

Alhaji ya ajiye lasifika, bai kuma sake ambaton baƙi ba har aka yi zaɓe.

Wani ya tambayi Mati, shi fa, wace mota ce tasa? Ya shafa kuncinsa, ya ce ta Borno, tare da Ladan. Sai ya karɓi Ummukulsum daga hannun uwarta, ya juya fuskarta wajen jama'a, sumul, ba ko ɗigon aska.

"Wannan ce na rasa motarta. A nan aka binne cibiyarta. In za ku kore ta, ku gaya mini ina zan rubuta a kwalin."

Washegari da safe Mati ya biya ta gidan 'yarsa, ya tarar tana kwance ɗaurin kwanoni.