Baba Mantau da Ramar Baƙo

Ina tsugune cikin lambu ina dashen albasa da hantsi, sai na hangi Isaka, babban ɗan Baba Mantau, yana tahowa ta gefen tabki ba ko takalmi. Tun bai buɗe baki ba na san ba lafiya ba. Ya tsaya bakin shinge ya ce, "Lawali, taso. Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na bar dashen nan a rana na bi shi, ina kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Baba Mantau shi ne Sarkin Lambu na gefenmu a Madarumfa, kuma aminin mahaifina ne. Da na zama maraya, shi ya kama hannuna ya koya mini sana'ar da nake ci da iyalina yau. Mutum ne mai faɗa, kada in ɓoye. In ya tarar da kai kana hira alhali shukarka ta yi yaushi, sai ka gwammace ƙasa ta tsage ka shige. Yakan ce, "Ruwa da sahe, surutu da marece." Amma wannan mai faɗan bai taɓa wuce karyayyen shingen wani ba tare da ya tsaya ya ɗaure shi ba, kuma ba ya zuwa ya gaya maka shi ya gyara.

Akwai al'adar da muka gada a bakin tabkin nan: ba a hana maƙwabci iri. Duk wanda ya samo sabon iri, na tumatir ne ko na tattasai, yakan kai wa Sarkin Lambu, shi kuma ya raba wa kowa da tafin hannunsa. Musulmi ya samu, Azne ya samu. Wanda ya ɓoye iri, sunansa ya ɓaci har jikokinsa.

Wata shekara, bayan yaƙin Nasara ya ƙare, wani baƙo ya sauka gidana. Ya ce tsohon soja ne, daga bakin teku ya fito. Ya ba ni ƙullin iri, ya ce ramar kudu ce, zarenta ya fi namu ƙwari, masunta za su yi rububinsa don taru. Shi kuwa ba ya son komai sai kan ganyen in ya bushe, wai maganin doki yake haɗawa da shi. Na kai wa Baba Mantau ƙullin kamar yadda aka saba, ya raba, kowa ya shuka a gefen lambunsa. Da ta fito, ganyenta yatsu-yatsu kamar na rama, sai dai wari. Matar Barmo, maƙwabcinmu Azne, har kwaɗo ta yi da ita. Ta ce ba tsami ko kaɗan, amma gidan nan gaba ɗaya suka wuni suna dariya ba dalili, sannan barci ya kwashe su. Muka yi ta yi wa Barmo ba'a, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Baƙon ya dawo ya karɓi busasshen ganye a hannuna. Ba a daɗe ba jandarmomi suka kama shi a Maradi yana sayar wa samari suna sha kamar taba. Ita ce abin da yanzu kowa ya sani da wiwi. Da aka matsa shi, sai ya ce ni ne mai nomawa, ni nake ba shi. Aka zo har lambu aka ɗaure ni, aka tafi da ni gaban matata Rabi, tana ɗauke da tsohon ciki.

A bariki tafinta ya warware mini dokar. Wanda aka samu da ita a hannu mai laifi ne. Wanda ya shuka ya fi shi laifi. Wanda ya ba wani kuwa, ko kyauta ce, hukuncinsa ɗaya da mai sayarwa. Na ce rama aka ce mini. Tafinta ya ce duk wanda aka kama haka yake cewa. Ya ce in shirya wa shekaru a kaso, wato kurkuku, mai yiwuwa ma a kai ni can nesa, inda ba mai kawo mini fura. Na zauna cikin ɗakin da aka kulle ni na tabbata ba zan ga abin da Rabi za ta haifa ba.

Abin da ya faru a gida, daga baya aka ba ni labari. Tsoro ya kama masu lambu. Shawara ta tsaya a kan kowa ya tuge tasa ya nutsar a tabki, in an tambaya a ce ba a san zancen ba. Ban ga laifinsu ba, kowa da 'ya'yansa. Baba Mantau ya bari suka gama, sannan ya miƙe.

Ya ce, "In kunka ɓoye, mi kunka yi? Kun shaida ma Nasara yaron ga shi kaɗai ya san abin da ya shibka. Ni ba ni yin haka. Da rana munka shibka ta, da rana za mu kai ta."

Wani ya ce, "Baba, su kama mu duka fa?"

Ya ce, "Sai su kama. Wa ya zuba maka irin a hannu? Ni na. To ni ka gaba."

Barmo ne ya fara shiga lambunsa ya tuge, ya ɗaure dami. Sauran suka bi, wasu suna gunaguni, amma suka bi. Da safe suka kama hanyar Maradi a ƙafa, kowa da daminsa a ka, tsoho na gaba da sandarsa da nasa damin. Ya ƙi a ɗora wa jaki, ya ce a gan shi a kansa.

Ni dai hayaniya na ji, sai aka fito da ni. Na ga filin bariki cike da mutanen garinmu, ga dammunan ganye jibge gaban matakala. Wallahi ban san sa'ad da hawaye suka zubo mini ba. Kumandan, Nasaran da ke mulkin Maradi, ya fito ya tambayi wane ne shugabansu. Baba Mantau ya matso, ya cire takalmi, ya gaida shi da ladabi, ya ce wa tafinta ya juya maganarsa yadda take, kada ya rage.

Ya ce, "Dokarku ba ta yi ƙarya ba. Mun ji abin da ganyen ga ka yi ma ɗiyan mutane, ba mu son shi ƙasarmu. Amma an ce mai ba wani shi ne babban mai laihi. To yaron ga ni ya kawo ma irin, ni na raba ma duk waɗanga da hannuna. In kaso za a kai mai rabawa, ga ni. Ku sake shi, matarshi ta kusa haihuwa."

Kumandan ya sa aka tambayi mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abu guda. Da aka zo kan Barmo, ya ba da labarin kwaɗon matarsa, tafinta ya kasa juyawa don dariya. Aka fito da baƙon aka tsayar da shi gaban jama'a, ya sunkuyar da kai, ya amsa cewa rama ya ce mana. Kumandan ya yanke cewa mutanen da suka san haram suke nomawa ba za su ɗauko ta a ka su kawo masa ba. Aka cinna wa dammunan wuta can bayan gari, aka mayar da baƙon kaso, aka kwance ni. Baba Mantau ya ɗauki alkawarin ba za a sake ganin ko tushe ɗaya a bakin tabki ba, kuma ya cika.

Komawarmu gida kuwa, sai wanda ya gani. Tun daga wajen garin Safo makaɗan noma suka tarye mu, mata na guɗa, masunta suka bar jiragensu suka fito hanya. Aka ɗaga tsoho sama, ya daka tsawa ya ce a sauke shi, lambuna sun wuni ba ruwa. Na iske Rabi lafiya, kuma ina tsaye a ƙofar gida ranar da ta sauka.

Bai kashe al'adar raba iri ba, ko da yake wasu sun nemi a daina. Gyara ta ya yi. Daga ranar, duk baƙon iri a lambunsa kaɗai ake fara shuka shi, sai ya ga abin da ya zama kafin ya raba. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "In da ɗauri cikinshi, ni za a ɗaure." Haka ya yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare.

Allah Ya jiƙan Baba Mantau, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata kabarinsa, Ya haskaka shi. Allah Ya ba Inna Hajo, uwargidansa, haƙurin wannan rashi, Ya haɗa kan Isaka da ƙannensa, Ya sa albarka a bayansa. Ya Ubangiji, bawanKa ya tsaya gaban mai iko ya miƙa wuyansa a madadin maraya, ba don yana jiran komai daga gare ni ba. Ranar da zai tsaya gabanKa, kada Ka bar shi shi kaɗai. In ana neman mai shaida, ga ni. Amin.