Sukarin Baffa Buba

Duk wanda ya tashi a unguwar Shamaki a zamaninmu ya san ba a shiga kantin Baffa Buba a ce "a ba ni" kawai. Sai ka tsaya ka sha tambayoyi kamar a gaban alƙali. Zai zamo da tabarau kan hanci, ya dube ka sama da ƙasa, ya ce, "Gidan wa? Wa ya aiko ka? Me za a yi da shi?" Ni 'yar ƙaninsa ce, gidanmu ɗaya, amma ko sau ɗaya bai taɓa raga min ba. Mutum ne da ya buɗe kanti da kuɗinsa, sannan ya ƙare rayuwarsa yana hana jama'a sayayya.

Wata rana Inna ta aike ni sayen sabulun wanki. Ya ce, "Shekaranjiya fa na yanka mata. Ci take yi?" Na ce wanki ne ya yi yawa. Ya ɗauko zarensa ya yanko min wani siriri, har kana iya hango rana ta cikinsa, ya ce, "Ki gaya mata ta daina barin sa a ruwa." Ni kuwa da ƙuruciya na je na isar da saƙo tiryan-tiryan. Kwana uku Inna tana gaishe shi a daƙile, amma ba ta ƙara barin sabulu a ruwa ba.

Mu yara mun fi kowa shan wuya. In ka kawo kwabonka za ka sayi alewa, sai ya ce, "Buɗe baki." In ya ga haƙori ya soma baƙi, shi ke nan, ya nuna maka ƙofar gidan Goggo Dudu mai gyaɗa. Haka za ka fita da kuɗinka a hannu kana ƙunƙuni, shi kuwa ko a jikinsa.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, gari ya rikice da sababbin babura da rediyo. Malam Bitrus, malaminmu na firamare, ya zo kan sabon babur yana ta sheƙi, ya ce, "Baffa, a ba ni madara katan guda."

"Ku nawa ne a gidan?"

"Ni da matata."

"Gwangwani biyu."

"Haba Baffa, ai kuɗina ne."

"Kantina ne," in ji Baffa, ya miƙa masa biyun, har da gargaɗin kada ya fasa na biyu sai na farko ya ƙare.

Amma akwai abu ɗaya da yake ci masa rai, shi ne Makka. A shekarun nan kowa tafiya yake yi, sa'o'insa duk sun dawo da haƙorin zinare, shi yana nan Baffa Buba. Kullum sai ya ce baɗi. To wanda ke korar masu saye, ina zai tara kuɗin kujera?

Sai ga wata shekara, ana saura 'yan kwanaki a kama azumi, sukari ya ɓace a Gombe. A kasuwa ko na magani babu. Baffa kuwa, albarkacin rowar sayarwa, ɗakin ajiyarsa cike yake da katan-katan har rufi. Labari ya kai kunnen wani attajiri, ya zo da motar kaya, ya taya duka a farashin da ya sa babanmu zama a kan benci ba shiri. Ina tsaye a wajen, na zo sayen ashana. Babanmu ya ja yayan nasa gefe, ya ce, "Hamma, ga kujerar Makka ta biyo ka har gida. Don Allah yau ɗaya ka ajiye taurin kan nan."

Baffa ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin ajiyar. Can ya ce, "In bar mutanen Shamaki su sha kunun buɗa-baki salam, ni in hau jirgi? In na isa can in ce wa Allah me?" Ya juya ga attajirin ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Amma tunda ka sha hanya, ga kwali ɗaya." Mutumin ya karɓa don tsabar mamaki, kuma sai da ya biya.

Azumin nan kaf kowane gida na samun kwali ɗaya duk mako, a tsohon farashi. Har daga Kagarawal ake turo yara. Malam Bitrus ma da ba ya azumi, nasa yana nan a ajiye. Ni kuwa a makaranta ba a iya zama da ni, kowa na gani sai na gaya masa Baffana ne.

Bai je Makka ba. Shekarar da ta biyo baya ƙafa ta soma ba shi wahala, daga nan maganar ta mutu. Sai dai tun daga sallar nan Goggo Dudu ta fara ce masa Alhaji Buba, unguwa ta ɗauka. Yakan fusata ya buga teburin kanti ya ce, "Ban je ba! Kada ku ɗora min ƙarya." Har ya koma ga Mahaliccinsa yana musu, mu kuma ba mu fasa ba.

Ya Allah, Ka san bai je ba, Ka kuma san abin da ya hana shi. Ka rubuta shi cikin waɗanda suka je, Ka jiƙansa, Ka sanyaya makwancinsa. Amin.