Garin da Gwaggo Tani Ta Gina a Cikin Waya

Ni na yi ɓarnar, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Sunana Sumayya, malamar firamare ce ni, kuma ina da wata cuta: ba na iya ganin jan ɗigo a fuskar waya in ƙyale shi. Gwaggo Tani kuwa, yayar babanmu, wata huɗu wayarta tana naci a sabunta ta, abin nan da muke cewa afdet, ita kuma tana share saƙon da bayan yatsa kamar mai korar ƙuda.

Duk wanda ya aurar da ɗiya tsakanin Ƙofar Guga da Ƙofar Durbi cikin shekara talatin ɗin nan ya san Tani mai alkaki. Ita ke yin alkaki da nakiya da dubulan na gara. Mijinta ya rasu da sauran ƙuruciyarta, ba ta ƙara aure ba, kaskon suya ya riƙe ta ya riƙe 'ya'yanta huɗu. Ba ta taɓa shiga aji ba. Ko sunanta ka rubuta da boko ka nuna mata, sai ta ce maka zanen ya yi kyau. Amma da yake babu gidan da ba ta shiga, sai ta zama mai sanarwar dangi. Haihuwa, ɗaurin aure, rasuwa, ita ake fara gaya wa, ita ta san wa za a kira kafin wa, don kada babba ya ji labari a bakin ƙarami. A danginmu wannan ba ƙaramin laifi ba ne.

Wani mai gyaran waya ya taɓa nuna mata yadda ake ɗauko lambar mutum a ajiye a fuskar waya, ɗan da'ira guda, da an taɓa sai kira ya tafi. Shi ke nan fa, Gwaggo ta samu fili. Shafin farko ta mai da shi Ƙofar Guga, ta jera mutane yadda gidajensu suke a lungu, na bakin titi a sama, na ƙurya a ƙasa. Shafi na biyu Ƙofar Durbi, sai Rafin Daɗi, sai Ƙofar Marusa, har shafi tara. Na ƙarshe shi ne na bayan ganuwa, daga Batagarawa har Makka duk nan ta tara su. In mutum ya tashi daga unguwa, sai ta ja shi da yatsa ta kai shi sabon gidansa.

Sunaye kuwa ba ruwanta da su. In da mai karatu a kusa, ya rubuta mata. In babu, ta danna lambobin da kanta, don su ta san su, wurin suna kuma ta dangwala duk abin da yatsa ya faɗa a kai. Ni da digirina na sha yi mata dariya a kan wannan.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar na je gaishe ta, tana bakin kasko, wayar na caji a taga. Na ga jan ɗigon nan, na danna. Wayar ta mutu ta taso, na yi sallama na tafi gida ina jin na yi aikin lada.

Washegari da hantsi Aminu ya tsaya da mota a ƙofar gidana. Shi ne babban ɗan Baba Almu, Baba Almu kuma ɗan kawun su Gwaggo ne, abokin wasanta tun suna yara. Aminu ya ce jikin babansa ya rikice tun asuba, likita ya zo ya duba ya ce a yi ta addu'a. Ya ce Gwaggo tana can, kuma ta ce a ɗauko ni ko ina wanka ne.

A mota ya gaya mini sauran. Baba Almu ba ya kiran kowa sai ƙanwarsa, Gwaggo Lailatu. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ranar da mahaifiyarsu ta rasu, ya binne ta bai sanar da ita ba, saboda wani ɗan saɓani da suka yi a makon. Ya ma hana Gwaggo Tani kiranta, ya ce shi zai kira, bai kuwa kira ba. Sai a kwana na uku Gwaggo Lailatu ta ji a bakin wata baƙuwa. Ta zo ta yi gaisuwa, ta fita, ta canja lamba, daga baya ta bi mijinta kudu. Tun daga nan babu wanda ya ƙara jin muryarta sai Gwaggo Tani, wadda ta karɓi lambar bisa amanar ba za ta ba kowa ba. Yanzu mutumin yana so ya nemi gafararta kafin rai ya yi halinsa.

Na tarar da Gwaggo a tsakar gida, zaune kan tabarma kusa da ƙofar ɗakin mara lafiya. Ko gaisuwata ba ta amsa ba, ta miƙo mini wayar.

"Mi kika yi mata?"

Na duba. Babu shafi tara, babu ko ɗaya. Fuska ce fes, mai sheƙi, da wasu 'yan hotuna masu launin ruwa suna lilo. Mutanen duk an kwashe su an zuba a jeri ɗaya, ɗari uku da wani abu. Na ce gyara ne kamfanin ya yi, sun ce ya fi kyau, ya fi sauƙi.

"Sauƙi ga wa?" in ji ta. "Ni na ce musu ina shan wahala? Ke, in kin ba mutum tsintsiya ya share miki ɗaki, sai ki dawo ki tarar ya ɗauke ƙofar ya kai ta baya? Wanda ya yi wannan aiki, ko gidan ubansa bai san hanya ba. Su zo su gaya mini ina suka kai Ƙofar Durbi."

Na nemi hanyar komawa tsohon tsari, babu. Na duba jerin kiran da aka yi, ya tsaya a wata biyu, ita kuma rabon da ta kira Gwaggo Lailatu tun Babbar Sallah, an fi wata biyu nesa ba kusa ba. Na tambaye ta ko ta tuna lambar, ta harare ni. Ta ce ita gida ta sani: shafin ƙarshe, can ƙasa, hannun hagu, ita kaɗai a kusurwa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai ta ce in karanto mata duk masu suna. Na karanto, tana cewa wuce, wuce. Hajiya kaɗai sun kai talatin, duk wasu ne suka rubuta su, ta kuwa ce da hannunta ta ajiye lambar da muke nema. Saura arba'in da uku marasa kan gado, wani haruffa uku iri ɗaya, wani alamar tambaya kawai. Ta sa aka ɗebo mata wake a faifai, ta ce in fara kira daga sama.

A nan na ga abin da har gobe ban manta da shi ba. Na farko ya ɗauka, bai gama cewa "Salamu" ba ta ce, "Malam Ɗayyabu, an tashi lafiya? Ya ƙafar? Ya Sadiyya da mai jego?" Ta biyu tari kawai ta yi, Gwaggo ta kira sunanta, ta tambayi ɗanta da ke neman aikin kwastan. Na uku ko magana ba a yi ba, ƙarar injin markaɗe ta ji ta san gidan. Duk wanda ta gama da shi sai ta ajiye ƙwayar wake a faifai, daidai inda gidansa yake a da. Ina kallo unguwanni suna dawowa ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai Gwaggo ba ta iya yanke gaisuwa. Ya gida, ya yara, ya aka ji da zafi, ya haƙurin wane da ya rasu bara. Kowane kira minti uku, huɗu. Ba kuma ta gaya wa kowa dalilin kiran, don bai kamata wani ya ji halin da Baba Almu ke ciki kafin ƙanwarsa ba. Aminu yana leƙowa daga ɗaki yana komawa. A leƙowa ta uku ya ce maganar babansa ta fara sarƙewa.

Haƙurina ya ƙare. Na ce, "Haba Gwaggo! In kin ji ba ita ba ce ki katse mana! Rai fa ake magana!"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Mutum ne ya ɗauka, ɗiyata. Ba a buga wa mutum ƙofa a juya masa ƙeya. Danna na gaba."

Lambobi biyar suka zo a kashe. Na ce shi ke nan, ƙila tana cikinsu. Gwaggo ta girgiza kai ta ce wayar Lailatu ba ta mutuwa, shekara goma sha ɗaya tana jiran wannan kiran, ko da za ta rantse ba haka ba ne.

An yi azahar muna kan na ashirin da tara. Na talatin da ɗaya ya shiga, aka ɗauka, ba a ce komai ba. Ba sallama, ba tari, ba ƙarar komai a baya. Na kai yatsa zan katse, Gwaggo ta cafke mini hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta kara wayar a kunne, ta rufe ido.

"Lailatu," ta ce. Karo na farko a duk kiran ranar, ba ta yi gaisuwa ba. "Yayanki zai tafi. Ke yake kira tun asuba. In za ki ji shi, yanzu ne."

Har na ɗauka layin ya yanke. Can wata siririyar murya ta ce, "Kai ni wurinsa, Yaya Tani."

Muka shiga. Baba Almu yana kwance, idonsa a buɗe, leɓɓansa na motsi amma babu abin da ke fita. Gwaggo ta durƙusa ta ce, "Kai malalaci, tashi ga baƙuwa na kawo maka." Ta sa na buɗe murya yadda kowa zai ji, ta ajiye wayar a kan matashi kusa da kunnensa. Ya yi ta ƙoƙari, sau uku yana ɗaga haɓa, kalma ɗaya ta gagara.

"Bakinsa ya rufe," in ji Gwaggo, "amma yana ji. Abin da yake son faɗa kin san shi."

"Yaya," muryar ta ce, tana karyewa. "Yaya Almu, na yafe maka duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini, na daɗe."

Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shiga kunne. Ya ɗaga yatsa ɗaya ya ɗora a kan wayar. Aminu ya matso yana laƙƙana masa kalmar shahada, daga can nesa ita ma tana maimaitawa tare da shi. Ni dai ina tsaye jikin bango ina kuka, kunya da tsoron Allah sun cika ni.

Ba a kira la'asar ba ya cika. Aminu ya shafe masa ido. Gwaggo ta zare wayar a hankali daga ƙarƙashin yatsansa, ta kai bakinta.

"Lailatu, sai haƙuri. Ke na fara gaya wa."

"Na sani, Yaya Tani," ta ce. "Ina nan aka yi."